Wata Biyar a Ajin Baftisma, da Kalmar da Baba Ya Hana Mu Faɗa

Neman aure ne ya kai ni ajin baftisma, ba neman Allah ba. Gara in faɗi wannan tun farko, kada wani ya ɗauke ni waliyyi. An kai gaisuwa, an karɓa, har an fara maganar sa rana, sai faston ikkilisiyar su yarinyar ya ce ba zai ɗaura aure ba sai ya ga katin baftismar ango. Ni kuwa a lokacin shekarata 32, haifaffen gidan Kirista a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi, kakana ne ma ya bar tsafi ya bi Yesu, amma ban taɓa shiga ruwa ba. A ikkilisiyarmu ba a yi wa jarirai baftisma, sai mutum ya yi hankali ya nema da bakinsa. Tsarana duk sun yi tun muna sakandare. Ni kullum sai in ce sai baɗi, daga baya kuma na daina cewa komai.

Hanyar ba ta da wuya. Ka je wurin magatakardan ikkilisiya ya rubuta sunanka, a sanar ranar Lahadi domin duk mai wata magana a kanka ya kawo ta gaban dattawa, sa'an nan ka shiga aji. Namu ya fara bayan an gama kaka, cikin watan Nuwamba, zai ƙare kafin Ista. Kowace Asabar da la'asar nakan hau babur daga garin da nake koyarwa a firamare in zo in zauna a benci ɗaya da yara 'yan shekara 15, wasunsu ma na taɓa riƙe musu bulala. Mu 14 ne. Akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa, sai wani magidanci direba, sauran duk samari da 'yan mata.

Malaminmu tsohon mai bishara ne da ya huta da aiki, kowa Baba yake ce masa. Littafi Mai Tsarkinsa ya sha ɗinki da zare har bangon ya zama na buhun siminti. Yakan ce tsohuwar fassara ce, jikar wadda ta fara fitowa cikakkiya a 1932, wadda Likita Miller na Zariya yana cikin waɗanda suka yi aikinta.

A Asabar ta uku ya tambaye mu me ke ceton mutum. Muka amsa baki ɗaya kamar masu karatun ƙidaya: bangaskiya. Ya ce to, mece ce ita? Wani yaro ya ce yarda da abin da ba ka gani ba. Baba ya ce shi ma bai taɓa ganin dodon ruwa ba, in ya yarda akwai shi ya tsira ke nan? Wata ta ce ƙarfin zuciya ne. Direba ya ce ita ce in ka roƙi abu ka sa a ranka ka riga ka samu. Ni na yi shiru. Baba ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya kafa doka: daga yau har wata guda, ba wanda zai furta kalmar bangaskiya a ajinsa sai ya ƙarasa maganar. Ga wa? A kan me?

Ya tashi ya ɗauki alli ya raba kalmar biyu a jikin allo, ban a gefe, gaskiya a gefe. Ya ce mu kawo masa 'yan'uwanta. Aka fara jefowa: ban kwana, ban hannu, ban girma, ban ruwa, ban haƙuri. Ya ce duk cikinsu akwai wanda ake yi ba tare da wanda za a ba ba? Ka taɓa ganin mai ban ruwa yana zuba ruwa a kan dutse yana murna wai shi gwanin ban ruwa ne? Ban girma sai da wanda ake girmamawa. Haka ban gaskiya: kai ne ka dubi wani ka ba shi gaskiya, ka ce abin da ya faɗa haka yake, abin da ya yi alkawari zai cika. Nauyin maganar yana kan wanda aka ba, mai bayarwa ɗan kallo ne kusan.

Ni malamin makaranta ne, ina koyar da Hausa, kuma shekara 32 ina faɗin kalmar nan ban taɓa jin ba da a cikinta ba. Na ji kunya, na kuma ji haushin jin kunyar.

Dokar nan ta ba mu wahala fiye da yadda za ka zata. Sai da aka hana mu muka gane yadda kalmar ta zama gishirin kowace miya a bakinmu. Yarinya ta ce tana da bangaskiya za ta ci jarrabawa. Baba ya ce ga wa? Ta ce ga Allah. A kan me, ya yi miki alkawarin cin jarrabawa ne? A wace sura? Ta yi tsuru. Ya ce abin da kike da shi fata ne, fata kuwa ba laifi ba ne, amma ki kira shi da sunansa, ki kuma je ki yi karatu. Direba ya ce shi da bangaskiya yake hawa hanya ko taya ta suɗe. Baba ya ce wannan sunansa ganganci, ya kuma tuna masa cewa a kan ƙololuwar Haikali Iblis ma aya ya jawo wa Yesu don ya yi tsalle, Yesu ya ƙi, ya ce ba a gwada Ubangiji Allah.

Tsohuwa mai daddawa ce ta kawo misalin da ya fi na kowa. Ta ce ita dai abin ya yi mata kama da adashi. Shekarun baya ta zuba kuɗinta wurin wata uwar adashi da ta yarda da ita ɗari bisa ɗari, ko ɗigon shakka babu, matar ta kwashe ta gudu. Daga baya ta shiga wani adashin tana ɗar-ɗar, kowane zubi sai gabanta ya faɗi, amma da kwasarta ta zo aka ƙirgo mata kuɗinta cif. Ta ce, “To Baba, wacce ta fisshe ni, yawan yardata ko amanar matar?” Baba ya ajiye allin ya ce shi ya gama koyarwa yau, mu tashi. Wannan, in ji shi, shi ne dalilin da Yesu ya yi maganar bangaskiya ƙanƙanuwa kamar ƙwayar mastad a Matiyu 17. Ƙarama ce, amma wurin mai amana aka zuba ta.

Wata Asabar fastonmu ya karɓi ajin saboda Baba ya tafi jana'iza. Matashi ne, ya yi karatun tauhidi a Bukuru, yana son nuna ya yi. Amma na ƙaru. Ya ce a Ibrananci, harshen Tsohon Alkawari, kalmar ita ce emuna, saiwarta ɗaya da amin ɗin da muke rufe addu'a da shi. Ibrananci da Larabci kuwa dangi ne, saboda haka amana, aminci, amini da imani, waɗanda Hausa ta aro daga Larabci, duk daga gindi ɗaya suka tsiro: abin da ya kahu, wanda za ka jingina da shi bai goce ba. A Girkanci kuma, harshen Sabon Alkawari, pistis ake cewa, kalma ɗaya tana ɗauke da ban gaskiyar da kai ka yi da kuma amincin wanda ka ba gaskiyar. Ya ce malaman zamanin gyaran ikkilisiya, bayan abin da Martin Luther ya tayar a Jamus a 1517, sukan kasa ta uku: ka san abin da aka faɗa, ka yarda gaskiya ne, sa'an nan ka dogara. Biyun farko kaɗai ba su kai ka ko'ina, don Yakubu 2:19 ya ce aljanu ma sun gaskata Allah ɗaya ne, har suna rawar jiki.

Ya ƙara da wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Wani lokaci Littafi yana cewa bangaskiya yana nufin koyarwar kanta, abin da aka damƙa wa masu bi su riƙe, kamar a wasiƙar Yahuza aya ta 3. Shi ne abin da muke jerowa in mun miƙe muna cewa mun ba da gaskiya ga Allah Uba Mai Iko Duka. Wato tana da abin da ke cikinta, ba buhu ba ce da kowa zai cusa abin da ya ga dama. Bulus ma a 1 Korantiyawa 15 bai ce a rufe ido ba: ya lissafa waɗanda suka ga Yesu bayan tashinsa, har mutum fiye da 500 a lokaci guda, ya ce yawancinsu suna nan da rai, sa'an nan ya ce in Almasihu bai tashi ba bangaskiyarku banza ce. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Mu dai ji muka yi, amma daga bakin waɗanda suka ce sun gani, kuma da dama cikinsu an tsananta musu a kan maganar ba su janye ba.

A nan ne tsohuwa ta sake sa baki. Ta ce maƙwabtanta Musulmi imani suke cewa, amma a kasuwa in an ce wane ba shi da imani, ba ana nufin bai iya jero abin da ya gaskata ba ne, ana nufin mugu ne, ba tausayi. Fasto ya yi dariya ya ce ai kasuwa ta riga shi karanta Yakubu, wanda ya ce bangaskiyar da ba ayyuka matacciya ce.

Duk wannan ina jin daɗinsa irin daɗin da malami ke ji in darasi ya tsaru. Zuciyata kuwa tana can wani wuri da ba na bari a taɓa.

Ina shekara 19 mahaifina ya sami shanyewar ɓarin jiki. Hawan jini ne, aka sa shi a kan magani, ya fara takawa da sanda. Sai aka yi wani babban taron warkarwa a gari, baƙon mai wa'azi ya zo da lasifikoki da janareta. Muka ɗauki mahaifina a amalanke muka kai. Mai wa'azin ya ce duk mai shan ƙwaya bai ba Allah gaskiya ba, ya ce a kawo magunguna gaba a zubar, a kuma shuka abin da ya kira irin bangaskiya. Inna ta sayar da awakinta biyu ta kai kuɗin. Mahaifina ya zubar da magani. Bayan sati bakwai ciwon ya sake bugunsa, kwana uku ya rasu. Da zaman makoki wani daga cikin waɗanda suka shirya taron ya ce, cikin murya mai taushi kamar mai ta'aziyya, lalle akwai mai shakka a gidan, don Allah ba ya ƙarya.

Ni ne mai shakkar. Ranar da ake zubar da maganin raina ya ce mini wannan ba daidai ba ne, na kuma yi shiru. Shekara 13 ina ɗauke da abu biyu da ba sa haɗuwa: ko shakkata ce ta kashe shi, ko shiruna. Shi ya sa ban iya tsayawa cikin ruwa in ce na ba da gaskiya ba.

Cikin watan Janairu, sanyi ya kankama, na bi Baba gida bayan aji. Na same shi a zaure yana ɓarar gyaɗa. Na zauna na kama tayawa, don ya fi sauƙi ka yi magana hannunka na aiki. Na kwashe duka na faɗa masa. Bai ce mini kada in damu ba. Ya san labarin, yana wurin jana'izar. Abin da ya ce kawai shi ne, “Ɗana, ka karanta Ibraniyawa 11?” Na ce Baba wa bai san ta ba, surar jarumawan bangaskiya. Ya ce, “Har ƙarshe?” Ya ce in je in ja layi a tsakiyar takarda, hannun dama in rubuta waɗanda suka kuɓuta, hagu waɗanda ba su kuɓuta ba, in kawo masa Asabar.

Daren nan na yi aikin da fitilar waya. Hannun dama ya cika da wuri: Nuhu da jirginsa, Saratu da haihuwar tsufa, ƙetare Bahar Maliya, garun Yariko, Rahab, waɗanda suka rufe bakin zakoki, matan da aka mayar musu da matattunsu. Nan masu wa'azi suke tsayawa, ni ma nan na saba tsayawa. Amma a tsakiyar aya ta 35, ba sabuwar sura, ba ko numfashi, sai maganar ta juya. Waɗansu aka azabtar da su suka ƙi karɓar saki. Waɗansu bulala da sarƙa da kurkuku. Aka jajjefe su, aka tsaga su da zarto, aka kashe su da takobi, suna yawo cikin fatun tumaki da na awaki, suna kwana a kogo. Sai aya ta 39 ta tattara duka, na dama da na hagu, ta ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida saboda bangaskiyarsu. Na koma sama ma na ga sunan farko a surar Habila ne, wanda ɗan'uwansa ya kashe. Na sa shi a hagu. Na daɗe ina kallon takardar.

Da na kai wa Baba ya ƙara mini wasu a hagun. Bulus, wanda ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alheri ya ishe shi. Tarofimas, wanda Bulus ɗin nan ya bari a Militas ba lafiya. Timoti mai yawan ciwon ciki, wanda Bulus ya ba shawarar abin da zai riƙa sha. Luka, wanda Bulus ya kira ƙaunataccen likita, bai ce ya bar sana'ar ba. Sai abokan Daniyel uku a bakin tanderu, da suka ce wa Nebukadnezzar Allahnsu yana da ikon ceton su, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Baba ya ce kalmomin nan, ko bai cece mu ba, su ne inda ake sanin maci tuwo, don miya ta ƙare. Daga ƙarshe ya ce in rubuta Yesu a Getsamani, wanda ya roƙi a ɗauke masa ƙoƙon, aka bar masa shi.

Ban sallama da sauƙi ba. Na ce Baba, ai Yesu da bakinsa ya ce wa matar nan mai zubar jini bangaskiyarta ta warkar da ita, a Nazarat kuma an ce bai yi mu'ujizai da yawa ba saboda rashin bangaskiyarsu. Ya ce haka ne, ba zai goge ayar ba don ta takura mana. Amma in duba: matar ta zo wurin Yesu, mutanen Nazarat sun ƙi zuwa, sun ce ai ɗan masassaƙi ne. Mahaifinka ya zo ko ya ƙi? Na ce ya zo, a amalanke. Ya ce to. Allah yana warkarwa, shi ya ga haka da idonsa a shekarun da ya yi yana yawon bishara, ya kuma binne mutanen da suka fi shi addu'a. Dalilin da ya sa aka ɗaga wannan aka bar wancan, ya ce bai sani ba, kuma duk wanda ya ce ya sani a riƙe aljihu. Abin da ya sani shi ne bangaskiya ƙoƙon bara ce, ba kuɗin ciniki ba. Afisawa 2 ta ce da alheri aka cece mu ta wurinta, kyauta ce, don kada kowa ya yi fahariya. Wanda ya mai da ita kuɗi, ya ce in ka tara da yawa dole Allah ya sayar maka, ya mai da Allah ɗan tireda. In ciniki bai faɗa ba kuma sai ya ɗora wa mai makoki laifi.

Game da shiruna kuwa bai wanke ni tas ba, na kuma gode masa da hakan. Ya ce yaro ne kai a gaban manya, amma in zuciyarka ta ce akwai laifi, ka kai shi inda ake gafarta laifi, ka daina kai shi inda ake auna bangaskiya da mudu.

Sati biyu kafin Ista aka yi ganawa da dattawa. Ɗaya bayan ɗaya ake shiga ofishin fasto, dattawa biyar a zaune, magatakarda yana rubutu. Suka tambaye ni Dokoki Goma, Addu'ar Ubangiji, ma'anar baftisma da Jibin Ubangiji, suka tambayi ko ina shan giya, ko akwai wanda muke gaba da shi. Sai babban dattijo ya ce, “Malam, ka ba da gaskiya?” Dokar Baba ta riga ta zauna mini a harshe. Na ce na ba Yesu Almasihu gaskiya a kan cewa ya mutu domin zunubaina, ya tashi, ba zai kuma yar da wanda ya zo gare shi ba. Ya ce ba shakka ko kaɗan? Na ce ranka ya daɗe, akwai. Na ce ni kamar uban yaron nan ne a Markus 9, wanda ya ce ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa.

Wani dattijo ya gyara zama ya ce shi bai gamsu ba, mai shiga ruwa ya kamata ya shiga da zuciya ɗaya. Aka ɗan ja. Baba, wanda ba ya cikin masu yanke hukunci, yana zaune ne a bakin ƙofa, ya ce a tambayi dattijon ko Yesu ya kori uban yaron ya ce ya je ya cika mudunsa ya dawo. Aka ce in jira a waje. Har yau dattijon nan yana ganin an yi mini sassauci, muna kuma gaisawa lafiya.

Mu 12 muka shiga ruwa ranar Asabar ta kafin Ista, biyu an ɗage musu. Rafi ya ƙafe saboda bazara, sai madatsar ruwa muka je, zumuntar mata suna waƙa a bakin gaɓa, shanun Fulani suna sha a ɗaya gefen. Ruwan ɗumi ne, ƙasan kuma laka, har takalmin fasto ɗaya ya maƙale. Ban ji wata wuta ta sauko mini ba. Na fito ina tari, ƙanwata ta miƙo mini tawul. Katin ya fito bayan sati uku, aka ɗaura aure bayan sallamar damina.

Da yammacin ranar baftismar na sami Inna a tsakar gida tana tankaɗe. Ban taɓa yi mata maganar rasuwar mahaifina ba tun da aka share makoki. Na zauna a kan turmi na ce, “Inna, mai shakkar nan da aka ce akwai a gidan nan, ni ne.” Ta dakata da rariya a hannu. Ta ce, “Kai?” Ta ce ita duk shekarun nan ta ɗauka ita ce, don ranar da ta sayar da awakin ta yi kuka a hanya, ta ce a ranta ina ma ba ta sayar ba.

Inna ba ta yi boko ba. Na ɗauko Littafi na karanta mata ƙarshen Ibraniyawa 11, daga aya ta 32. Da na kai inda aka ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida, ta ajiye rariyar, ta goge hannunta da gefen zane, ta jawo kujera 'yar tsugunno kusa da ni.

Ta ce, “Koma daga wurin masu zarton nan. A hankali.”